Littafin da Mutumin Illo Ya Karanta Mini

Wata uku kafin bikina, kowa a gidanmu na Bagudo yana da aikin biki a hannunsa ban da ni. Da safe in je makarantar firamare in koyar da 'yan aji huɗu, in dawo in taya Inna girkin rana, da zarar an sauke tukunya kuma sai a neme ni a rasa. Bayan ɗakin ajiya nake zuwa, inda dogon-yaron maƙwabta ya leƙo ta kan katanga. Akwai wani tsohon turmi da ya tsage, na kifa shi ya zama kujerata. A kansa na karanta duk abin da ya shigo hannuna: littattafan soyayya da nake arowa wurin ƙawaye, na tarihi da na kwaso daga kwaleji, har jaridar da aka naɗo tsire a ciki, in dai maiƙo bai cinye rubutun ba.

A lokacin ne Gwaggo, yayar Baba, ta zo daga Geza da ƙullin kayanta ta tare a ɗakin Inna, wai ta zo shirya amarya. Ta zo da dilka, da turaren wuta, da baki. Ranar farko da ta mulke ni da dilka ta ce in zauna a rana kar in taɓa komai sai ta bushe. Da ta dawo ta tarar da ni ina buɗe shafi da bayan ɗan yatsa, gefen takardar duk ya yi rawaya.

"Wagga ɗiya," in ji ta, tana kallon Inna, "in an kai ta, a kai ta da mai dahuwa. Mijin zai zaka da yunwa ta ce mishi jira in ƙare babi."

Inna ta yi dariya ta ce ai na iya girki.

"Ta iya. Na ga miyar jiya. Miyar ma sai da ta yi karatu a kan wuta har ta gaji ta kama."

Gaskiya ne miyar ta kama.

Wanda zan aura ɗan Illo ne, yana fataucin albasa tsakanin nan da tsallaken iyaka. A gidanmu ba mai kiran sunansa, mutumin Illo ake ce masa, har Baba. A wurin bikin wata ƙawata ya fara ganina. Ya ce duk mata suna rawa, ni kaɗai ce a kan benci da littafi a ɓoye cikin mayafi, shi ya sa ya tambaya ko 'yar wace ce. Kowace Juma'a yakan zo a kan babur bayan la'asar, mu zauna a zauren Baba, ya tashi tun rana ba ta faɗi ba saboda hanya da nisa. Ba shi da yawan magana. Ni ce mai zuba, in ba shi labarin abin da na karanta a makon, shi kuma ya riƙa gyaɗa kai yana juya makullin babur a hannu. Na san yana jin Dandanci da Fulatanci, na kuma taɓa jin yana Faransanci a waya, da sauri kamar yana faɗa. Ya ce mini yana yaro an ba wani kawunsa shi a can ƙasar Benin, har an sa shi makaranta.

Wata ranar kasuwar Lolo muka je ni da Gwaggo sayen kayan ɗaki. Tun hantsi take jana daga rumfar kwanuka zuwa rumfar atamfa, tana ƙwanƙwasa kowace tukunya da ɗan yatsa tana sauraronta kamar za ta yi mata magana. Tana cikin ciniki da wani mai kuloli na zame. Can kusa da masu ƙosai na ga wani dattijo ya baza tsofaffin takardu a kan buhu, irin waɗanda masu suya ke saye don naɗi. Na tsuguna ina tona, sai ga wani ɗan littafi, bangonsa shuɗi, an zana mace da namiji a cikin kwalekwale, rana tana faɗuwa a bayansu. Da Faransanci aka rubuta shi, ban san ko harafi ɗaya na ma'anarsa ba. Amma da na buɗe sai na ga wata kalma da ta yi kama sak da kalmar guba ta Turanci. Na juya shafi, ga ta. Na sake juyawa, ga ta har sau huɗu. Mace da namiji a kan ruwa, ga guba a kowane shafi. Ban tsaya wani tunani ba na saya.

Gwaggo ta same ni ina shafa bangon.

"Hausa kin cinye, Turanci kin cinye, yanzu kin koma ga na Faransa. Mi za ki yi da shi, ki jiƙa ki sha?"

Na ce ina da mai karanta mini.

Juma'a na zuwa, ko gaisuwa ba mu gama ba na miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu, ya dubi bangon, ya dubi baya, ya buɗe shafin farko ya daɗe a kai. Na ɗauka yana shirya yadda zai juya mini shi zuwa Hausa ne. Na matsa na nuna masa kalmar, na ce na riga na gane labarin soyayya ne, kuma akwai wanda za a ba guba, ya dai faɗa mini wa.

Ya ɗago ya dube ni, ya mai da ido kan takardar, ya yi gyaran murya.

"Akwai wani Sarkin Ruwa," in ji shi a hankali, "yana da ɗiya guda."

Haka muka fara. Ɗiyar Sarkin Ruwa tana son wani saurayi mai tsallakar da mutane a kwalekwale, wanda ba shi da komai sai filafili da murya mai daɗi. Akwai kuma wani attajiri mai fataucin gishiri da ke zuwa garin da jakuna, yana yawo da guba a cikin 'yar batta a aljihun rigarsa. Bai taɓa cewa ga wanda zai ba ba, sai dai ya riƙa taɓa aljihun in ana magana. Mutumin da ban taɓa jin ya haɗa jimla biyar a jere ba, ranar sai da ya yi kusan awa yana magana, yana canza murya in ya zo kan attajirin, yana ƙanƙance ido. Da ya ga rana ta yi ƙasa ya rufe littafin ya ce sauran sai wani mako.

Na roƙe shi ya ƙara ko shafi ɗaya, ya ce karatun Faransanci yana sa ciwon kai.

Mako bakwai muka yi a haka. Yanzu in na tuna, abubuwan da ya kamata su farkar da ni suna da yawa. Akwai ranar da ya yi rabin awa bai juya shafi ba. Da na yi magana ya ce Faransanci haka yake, kalma ɗaya sai ta ɗauki zance guda. Akwai shafin da na ga lambobi jere, na tambaya, ya ce kwanakin da yarinyar ta yi tana jira ne a bakin ruwa, marubucin ya ƙirga su. Na ce lallai marubucin nan yana da natsuwa. Ni da nake kama ɗan aji huɗu in ya haddace karatu yana bin layi da yatsa don ya yaudare ni, ban ga komai ba.

Bayan zauren Baba akwai ɗan fili inda ake tsintar shinkafa. A makon farko Gwaggo tana can bakin madafa. A na biyu ta dawo tsakar gida. Kafin na huɗu kujerarta tana jikin bangon zaure, da faifai a cinya. Da yake shi suruki ne, ba ta shiga zauren, ba ta ko amsa gaisuwarsa sai daga nesa. Amma ƙarar babur ɗinsa na ɓacewa sai ta kira ni.

"Ni ba saurare nike ba, shinkafa nike tsinta. Amma mai gishirin ga, mi ya kai shi gidan Sarkin Ruwa da rana tsaka?"

Na ce ai ta ce takarda ba ta da amfani.

"Takarda daban, mugun mutum daban. Wanga mutum na san irinshi, akwai guda a Geza."

A Juma'a ta bakwai ya tsaya a wuri mafi muni. Attajirin ya aiko da ƙwaryar fura gidan Sarkin Ruwa, yarinyar ta dawo daga rafi da ƙishirwa, ta buɗe faifan, ta ɗaga ƙwaryar. Nan ya rufe littafi. Na ji faifan Gwaggo ya faɗi a bayan bango.

Ranar Talata mai kitso ta zo yi mini na gwaji kafin na biki. Matar 'yar tsallaken iyaka ce, aure ya kawo ta Bagudo, Hausarta tana da ɗan lanƙwasa, kuma ta yi makaranta sosai a can kafin ta zo. Na zauna a tabarma, kaina a kan gwiwarta, na ɗauko littafin ina kallon shafin da muka tsaya, ko zan tsinci wani abu da kaina. Gwaggo tana gefe tana kulle turare a leda.

Mai kitso ta tsaga gashi, ta leƙo ta kan kafaɗata, ta ce, "Amarya, sana'ar kifi za ki kama a Illo?"

Na ce wane kifi.

"Wannan da kike karantawa."

Ta soke kibiyar kitso a gashina, ta karɓi littafin ta miƙar da hannu, ta fara karantawa tana juyawa, ba tare da ta yi ko gargada ba. A wanke kifi da ruwa mai tsabta. A cire hanji. A barbaɗa gishiri, a jera a kan ragar waya, kar a bar wuta ta yi yawa, hayaƙi ake so. Ta ce littafi ne da aka yi wa ƙungiyoyin mata masu bandar kifi, yadda za su adana shi kar ya yi tsutsa. Lambobin nan kuwa awon gishiri ne.

Na ɗago da rabin kai a tsefe, na nuna mata kalmar. Na ce wannan fa, ba guba ba ce?

Ta duba, ta kwashe da dariya har ta riƙe ciki. "Kifi ke nan. Haka muke rubuta kifi."

Inna ta leƙo daga madafa, ta ji abin da ya faru, ta koma da sauri, ina jin tana tata dariyar a ciki. Gwaggo kuwa ba ta yi dariya ba. Ta ajiye ledar turaren, ta dubi mai kitso da gaske.

"To, na ji. Yarinyar fa? Ta sha ko ba ta sha ba?"

Mai kitso ta ce babu wata yarinya a ciki, Hajiya, kifi ne tun daga farko har ƙarshe.

"Duba da kyau. Can wajen baya."

Ranar ban koma kan turmi ba. Na shiga ɗaki da kitsona sabo yana ja mini fatar kai, na kwanta ina kallon rufi. Da farko haushi na ji. Mako bakwai mutum yana kallon idona yana karanta mini abin da babu. Daga baya kunya ta zo ta danne haushin, don ni na fara ba shi gubar, shi dai karɓa ya yi. Kafin a kira la'asar kuma na kama kaina ina tunanin abin da Gwaggo ta tambaya. Na karanta littattafai da yawa, wasu na manta su kafin in mai da wa masu su, amma ban taɓa ƙirga kwanaki ina jiran ci gaban wani labari kamar yadda na yi wa wannan ba. Kuma wanda ya ƙaga shi ni zai aura.

Duk da haka ban ga dalilin da zai sa ya tsira haka kawai ba. Ranar Juma'a na aika aka sayo bandar tarwaɗa, na gyara ta da mai da albasa da yaji, na rufe a kwano. Ya zo kamar kullum, ya cire hula ya share gumi, muka gaisa. Na ajiye masa kwanon da ruwa, na ce ya fara ci kafin karatu. Ya buɗe ya ce ya gode, ya kai loma biyu. Sai na buɗe littafin na ɗora yatsa a kan kalmar.

"Kafin mu ci gaba, malam, wagga kalma mi take nuhi?"

Ya dubi inda yatsana yake. Ya dubi kwanon. Ya daina tauna.

Na ce, "An ce a barbaɗa gishiri, kar a bar wuta ta yi yawa. Na bi yadda attajirinka mai gishiri ya ce. Ya yi daidai?"

Ya haɗiye da ƙyar, ya sha ruwa, ya daɗe yana goge hannu da hankici.

"Wa ya hwaɗa miki?"

"Mai kitso."

Ya gyaɗa kai kamar wanda dama ya san ranar za ta zo. Sai ya ce aji uku ya tsaya. Kawun ya cire shi ya sa shi a rumfa. Faransancin baki yana da shi, zai yi ciniki da shi, zai yi gardama da jandarma, 'yan sandan can, a kan hanya, amma a takarda sai ya bi harafi ɗaya-ɗaya, kafin ya kai ƙarshen layi ya manta farkonsa. Kalmar kifi dai ya gane ta tun ranar farko.

"Kin miƙo min shi kina murna," in ji shi, idonsa a ƙasa. "Na san yadda kike kallon mai karatu. Na ce in na ce ban iya ba, za ki dube ni wani iri. In kuma na ce miki kihi ne, kin yi asarar murnarki. Sai na ji bakina ya ce akwai wani Sarkin Ruwa."

Na yi niyyar in ja shi da tsiya har ya tashi, amma da na ga yadda yake murza makullin babur, sai na kasa. Na tambaye shi ina yake samo sauran. Ya ce a kan hanya. Tun daga Illo yake tsarawa, in ya hau gada ya san inda zai tsaya. Ranar da yake neman yadda attajirin zai shiga gidan Sarkin Ruwa, saura kaɗan ya shige cikin garken shanu, sai da makiyayin ya bi shi da sanda yana zagi da Fulatanci.

Na ce na yafe, da sharaɗi ɗaya. Ya ƙarasa, yau, kuma ba da littafi a hannu ba.

Ya ajiye makullin. Ya ce yarinyar ta ɗaga ƙwaryar, sai saurayin ya shigo da gudu, don ya ga attajirin yana wanke battar a bakin ruwa. Bai da lokacin bayani, ya fizge ƙwaryar, ta ƙi saki, ya kafa kai ya shanye don kar ko ɗigo ya kai bakinta. Ya faɗi a gabanta. Aka binne shi a bakin kogi, ita kuma ta ɗauki filafilinsa ta ci gaba da tsallakar da mutane har ta tsufa.

Idona ya ciko, ina neman bakin mayafi, sai muka ji tari daga bayan bango. Sannan muryar Gwaggo, da ƙarfi, wai da kaji take.

"Ku tahi can, marasa tausayi. Yaro ya sha wahala mako bakwai, a ce a kashe shi don an gaji. Duk garin ba mai magani? Sarkin Ruwa guda bai san makarin guba ba?"

Mutumin Illo ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa. Da ya samu ya natsu sai ya ɗaga murya kaɗan, yana fuskantar bango, ya ce ya yi mantuwa, akwai sauran shafi. Ashe ba a kai ga binnewa ba. Wata tsohuwa ta zo daga ƙauye, 'yar'uwar Sarkin Ruwa, mai faɗa amma mai sanin itatuwa, ta kori kowa, ta ɗura wa saurayin wani jiƙo, ya yi atishawa ya tashi. Attajirin kuwa jakunansa suka shiga ruwa da shi, gishirin ya narke.

"Ƙauyen," in ji muryar, "ba a hwaɗi sunanshi ba?"

Ya ce marubucin bai faɗa ba, amma an ce ana noma sosai a wurin.

Ba mu sake jin komai ba sai ƙarar faifai.

Bayan kwana tara aka ɗaura aure, aka kai ni Illo. Kwana uku gidan cike yake da mata masu zuwa ganin amarya. A rana ta huɗu da hantsi, gida ya yi sauƙi, surukata ta aiko a kira ni. Tsohuwa ce 'yar siririya, ta fi sakewa da Dandanci, Hausarta a taƙaice. Na shiga na durƙusa daga bakin ƙofa, ina tunanin ko wani abu na yi ba daidai ba. Ta jawo wata leda daga ƙarƙashin katifa ta zazzage a gabana: kwalaben magani, katin asibiti, da wata wasiƙa da ta yi laushi don ninkewa.

"An ce kina karatu," in ji ta. "Wanne na safe, wanne na rana? Kullum sai na aika waje."

Na jera mata su, na ɗaura zare ja a na safe. Sannan ta turo wasiƙar da ɗan yatsa, ta ce ƙanwarta ce ta aiko tun bara daga Kwantagora, an karanta mata sau ɗaya a gurguje, ba ta ji da kyau ba. Na karanta mata a hankali. Da na kai ƙarshe ta ce in sake daga wurin gaisuwa, ta gyara zama, ta ce in matso kan tabarma.